Shi Ya Dafa

A cikin shekara ukun da ta yi tana rubutu a shafinta na intanet, Muniratu ba ta taɓa yin ƙarya ba, ko da sau ɗaya. Wannan magana ce tabbatacciya, kuma ita da kanta ta sake faɗinta ranar Asabar da hantsi, a tsakar gidansu da ke unguwar Maamobi a birnin Accra, tana ɗaura wa mijinta rigar girki mai launin madara.

"Ɗaga hannu, Baban Najat."

Kassim ya ɗaga hannuwa biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare a kan babur.

"Ba haka ba. Ɗaga kamar mutumin da ya saba."

"Ban saba ba."

"To ka saba kafin ƙarfe goma."

Kassim tela ne, mai surfani a wuyan riga a wani shago da ke bakin kasuwar Nima. Shekararsa arba'in da ɗaya, kuma iyakar saninsa da tukunya shi ne daga cikinta abinci ke fitowa. Yau kuwa mutum dubu casa'in ne ke jiran su ga ya dafa waakye kai-tsaye, da hannunsa.

Sunan shafin Gidan Muni. A nan Muniratu ke koya wa mata yadda ake zama uwa ba tare da an yamutse ba: yadda ake yafa mayafi ya zauna a kafaɗa ba fil, abin da ake zuba wa yaro a kwanon makaranta, da dalilin da ya sa mace mai aji ba ta yi wa yara ihu sai ta tabbata waya a kashe take. Tun shekarar farko ta yanke hukuncin cewa rayuwa launin madara ce. Mayafinta launin madara, kofunanta launin madara, 'ya'yanta biyu, Najat mai shekara takwas da Tawfiq mai uku, su ma a launin madara suke fitowa. A jikin Tawfiq launin kan yi minti huɗu, wanda ya ishi hoto.

Duk hotunan a kusurwa ɗaya ake ɗaukarsu, a barandar ɗakinsu: farin labule, kujera guda, da furen roba a cikin tulu. Faɗin wurin bai wuce tabarmar salla biyu ba. Taku ɗaya hagu sai igiyoyin shanya na iyali goma sha ɗaya, da jarkokin ruwa a jere, da akuyar maƙwabta wadda ta taɓa cin rabin furen ta gane kurenta. Gidan ba shi da banɗaki. Kowa na zuwa na unguwa ne a ƙarshen lungu, inda wani tsoho da ake kira Baba ke zaune a bakin ƙofa da teburinsa. Muniratu ba ta taɓa rubuta cewa babu akuya a gidan ba, ba ta kuma taɓa rubuta cewa akwai banɗaki ba. Ba wanda ya tambaya.

Abin ya faro ne mako uku da suka wuce. Uwar Kassim, Mma Memunatu, ta shekara talatin da huɗu tana sayar da waakye a bakin titi, daidai inda motocin haya na trotro ke sauke mutanen Madina. Shinkafa da wake ce, amma wadda aka dafa da karan dafi da ɗan ruwan kanwa har ta yi ja, kuma ta Mma kan ƙare kafin ƙarfe tara ko da ana tsuga ruwa. Wata safiya ta aiko wa jikokinta da nasu a ganye, da ƙwai da taliya da yajin shito a gefe. Muniratu ta ga hasken rana ya sauka a kansa da kyau, ta ɗauki hoto, kuma da yake ranar ta tashi da son surukarta, ta rubuta a ƙasa:

"Tun kafin asuba ya tashi ya hura wuta ya dafa mana wannan. Shekara tara ina gidan nan, bai taɓa bari na kwana da yunwa ba. Allah ya bar mana shi."

Duk wanda aka haifa tsakanin Nima da Maamobi ya san da wa take. A Hausar Zongo ba a wahalar da baki wajen raba mace da namiji. Liman ya tashi, matar liman ya tashi, kaza ya yi ƙwai. An bar wa ido aikin tantancewa, tunda don haka aka yi shi. Sai dai a gefen hoton, can ƙasa, akwai wani hannu mai gashi da agogo da ya miƙo wajen ƙwan. Hannun Kassim ne, yana sata.

Kano ce ta fara gani, sai Kaduna, sai Maraɗi da Damagaram. Kafin azahar dubban mata sun tura wa mazajensu hoton ba tare da ƙarin bayani ba. Wata ta rubuta, "Ashe a Ghana aka ɓoye mazan." Wani ya rubuta, "Bawan Allah ka ji tsoron Allah, za ka kashe mana aure." Mabiya shafin suka tashi daga dubu goma sha huɗu zuwa casa'in. Muniratu ta karanta sharhin kaf, ta sa wa kowanne alamar zuciya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Daga nan sai saƙon Hajiya Zuwaira ya shigo. Wakiliya ce ta wani kamfanin dunƙulen miya mai suna Ƙamshin Gida, kuma za ta taso daga Kano takanas don ta ga wannan miji da idonta. In an yi shirin yau ya yi kyau, za a riƙa yinsa duk Asabar har shekara guda, Gidan Muni ya zama fuskar kamfanin. In kuwa bai yi ba, mata dubu casa'in za su gane gwarzonsu bai iya tafasa ruwa ba, kuma su san sunan da za su kira wadda ta bar su suna sa masa albarka mako uku.

Ƙarfe tara da kwata Mma ta shigo gida, tukwanenta wayam a kan wata mai dako, ita kuma riƙe da ƙaramar kula. Ta tsaya ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Rigar girki ne, Mma."

"Na ɗauka likkafani ne." Ta juya wajen Muniratu, wadda har yau take kira Amarya bayan shekara tara da haihuwa biyu. "Amarya, ni fa har yanzu ban gane ba. Kin rubuta ni na dafa. Su kuma sun ce Kassim. Wane Kassim? Wanda na aika ya duba mini wuta, ya dawo ya ce wuta yana nan lafiya?"

"Mma, a Hausarsu in mace ne sai an ce ta dafa."

"Ta dafa." Mma ta juya kalmar a baki kamar mai ɗanɗana gishirin da ba ta yarda da shi ba. "Wane gari ne?"

"Kano."

"Ashe mutanen Kano ba su jin Hausa."

Kassim ya ga ƙofa ta ɗan buɗe, ya yi sauri ya sa ƙafa. "Shi ne nake cewa, Muni, ki rubuta musu kuskure ne. Layi ɗaya. Kowa ya huta."

"Wane kuskure? Ni ban yi kuskure ba. Su suka karanta ba daidai ba. In ba mutum dubu casa'in haƙuri don ba su iya karatu ba?" Ta ja igiyar rigar ta ƙulle a bayansa da ƙarfi. "Kuma wa ya sa hannu a hoto na?"

"Ƙwai ɗaya na ɗauka."

"To yau ne ranar biyan ƙwai."

Mma ta ƙi ba da aron tukunyarta, ta ce ba za a zubar mata da mutuncin shekara talatin da huɗu a cikin waya ba. Muniratu ba ta damu ba, dama tukunyar baƙa ce, ita kuwa ta sayo sabuwa launin madara. Abin da Mma ta yarda ta yi shi ne ta zauna a bayan farin labulen ta riƙa ba da umarni. Ta riga ta yi wa waken rabin dahuwa, ta wanke shinkafa, ta jiƙa kanwa a kofi. Aikin Kassim uku ne kacal, kuma da tari za a sanar da shi.

"In na yi tari ɗaya, ka juya. In na yi biyu, ka zuba kanwa cokali ɗaya. Ɗaya fa, Kassim. In na yi uku, ka rufe tukunya ka cire hannunka, ka yi ta murmushi kamar uban amarya. Maimaita."

"Ɗaya juya, biyu kanwa, uku rufe."

"Ko akuyar nan zai iya," in ji Mma, ta ɗauki kujerar tsuguno da kularta ta shige bayan labule.

Kafin ƙarfe goma tsakar gidan ta cika. Matan gida sun bar wanki, masu shagon lungu sun rufe, Fataw abokin Kassim na majalisa ya hau katanga ya zauna da gyaɗarsa. Babu wanda bai san gaskiya ba a cikinsu, kuma babu wanda ya yi niyyar faɗa. Zongo na iya riƙe sirri muddin sirrin zai ba da dariya a gaba.

"Alhaji Kuku!" Fataw ya yi kira daga katanga. "Cale, abokina, in ka gama ka zo gidana ka wanke kwanuka, matana ma ya ga hoton!"

Hajiya Zuwaira ta bar mota a bakin titi don lungun bai san mota ba. Ta tsallake kwata uku da takalmi mai tsini, ta iso tana ƙamshi, doguwa, da tabarau a goshi. Shekaranjiya ta sauka Accra, a gidan wata 'yar uwarta a Kanda, kuma kunnenta bai riga ya lalace da Hausar gari ba. A bayanta Jamiu ne mai ɗaukar hoto, haifaffen Nima, wanda da waakyen Mma aka yaye shi. Ya dubi Kassim, ya dubi ƙafafun da ke leƙowa daga ƙasan labule, ya shiga goge gilashin kyamararsa da natsuwa.

"Malam Kassim!" Hajiya ta ce. "Gwarzon maza. Maigidana ya ce in gaishe ka, amma gaskiya bai faɗa da zuciya ɗaya ba."

"Ina amsawa," in ji Kassim. An gargaɗe shi kada ya wuce kalma biyu a jere.

Jamiu ya ce hasken ba shi da kyau a inda aka ajiye kurfotin gawayi, sai an matsa da shi kusa da labule. Aka matsa. Kassim ne ya hura wutar da kansa, abin da ba ya cikin darasin, kuma ya bi ka'idar da ya sani daga guga: in abu ya ƙi, a ƙara masa. Ya ƙara kananzir, ya ƙara tsumma, ya kama mafici ya shiga fifita da dukan ƙarfinsa. Hayaƙin bai nufi kyamara ba. Labule ya nufa.

Aka fara. Muniratu ta tsaya a gefen tukunya, mayafinta zaune a kafaɗa ba fil, ta yi wa duniya sallama da muryar shafinta, wadda ta fi ta gida laushi sau uku. Ta miƙa wa Kassim kwanon wake ya juye, ta miƙa masa karan dafi ya jefa, ta miƙa shinkafa. Lambar masu kallo a wayar Hajiya ta yi ta hawa.

Hajiya ta jawo Najat jikinta. "Zo nan 'yar albarka. Yara ba sa ƙarya. Faɗa wa masu kallo, wa yake dafa muku abinci mai daɗi a gidan nan?"

Fataw ya daina tauna gyaɗa. Najat, wadda aka koya wa gaskiya daga shafin uwarta, ta ɗaga yatsa ta nuna labule kai-tsaye. Kassim na tsaye a gabansa da ludayi.

"Shi," ta ce.

"Allahu akbar," in ji Hajiya, ta dafe ƙirji.

Sai aka ji tari ɗaya daga bayan labule. Kassim ya juya tukunya. Ya juya da kyau ma, har ya ji wani abu mai kama da alfahari ya taso masa. Bayan ɗan lokaci aka yi tari biyu. Ya ɗebi ruwan kanwa cokali ɗaya ya zuba. Da a nan duniya ta tsaya, da Gidan Muni ya shiga tarihi da mutuncinsa.

Amma hayaƙin kananzir da tsumma ya gama taruwa a bayan labule, kuma Mma mace ce mai shekara sittin da bakwai.

Tari biyu.

Kassim ya ɗan yi jim, amma umarni umarni ne. Ya zuba.

Tari biyu.

Ya zuba.

"Wa ke tari haka?" Hajiya ta tambaya.

Mako guda Muniratu ta yi tana atisayen cewa "tana" maimakon "yana" a gaban madubi. "Surukata ce," ta ce a hankali, kamar mai tsallake kwata da farin zane. "Tana... ciki."

"Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya. Ta yi tarbiyya. Malam Kassim, na ga kana ta zuba kanwa. Mu a can ɗan kaɗan muke sawa. Sirrin ne?"

Kassim ya nemi kalma biyu. "Umarni ne."

"Umarnin wa?"

Ya waiga ya dubi labule da ido mai neman agaji. A daidai lokacin Muniratu ta matsa gaban labulen tana ƙoƙarin kore hayaƙi da gefen mayafi ba tare da an lura ba. Kyamara ta kama kallon, ta kama matar. Alamun zuciya suka yi ta tashi a waya kamar shinge bayan ruwan farko. Wata daga Zariya ta rubuta cewa ta fashe da kuka a cikin keke-napep.

Hajiya ta ciro dunƙulen Ƙamshin Gida guda biyu, ta nuna wa kyamara gaba da baya, ta ce yanzu Malam Kassim zai marmasa su a ciki kamar yadda ya saba. Mma ta ji. A shekara talatin da huɗu ba a taɓa sa dunƙule a cikin waakye a gabanta ba, wurinsa miya. Ta buɗe baki ta yi magana, hayaƙi ya riga maganar fita, abin da ya fito tari biyu ne masu ƙarfi, na ɓacin rai.

Kassim ya marmasa dunƙule, ya bi shi da kanwa.

Abin da ke cikin tukunyar ya bar ja ya koma ruwan hanta, ya bar ruwan hanta ya nufi wani launi da ba a sa masa suna ba tukuna. Kumfa ta taso a gefe. Wake da shinkafa suka rungumi juna suka zama abu guda. Wani wari ya tashi, irin na gidan da ake dafa sabulun salo.

"Ikon Allah," in ji Hajiya, tana leƙawa. "Ban taɓa ganin wannan launin ba."

"Ni ma," in ji Muniratu.

A bayan labule Mma ta toshe hanci da gefen zane, ta tattara sauran numfashinta, ta yi tari uku. Sai dai na ukun ya ɗan makara. Kassim, mutumin da ya shekara ashirin yana ƙirga ɗinki, ya lissafa biyu da ɗaya. Ya juye sauran kanwar da ke kofi, ya juya.

Muniratu ta ɗauki murfi ta rufe tukunyar da hannunta, ta ɗora ɗaya hannun a kan nasa, ta matse har sai da ya saki ludayin. Masu kallo suka ce ba su taɓa ganin soyayya irin wannan ba.

Da aka sauke, Hajiya ta tafa hannu. "To, mai girki shi ke fara ɗanɗanawa. Jamiu, kada ka ɗauke kyamara daga kan ludayin, kada 'yan baƙin ciki su ce an yi musanye."

Jamiu bai ɗauke ba. Kyamara ta raka ludayi daga tukunya zuwa faranti, abin ya sauka guda ɗaya, ya tsaya yadda aka ajiye shi. Kassim ya yi bismilla, irin wadda ake yi kafin a hau motar da ba a yarda da birkinta ba. Ya kai loma. Ɗaci ya fara zuwa, sai santsi, sai wani abu da ya tuna masa ranar da Mma ta wanke masa baki da sabulu yana yaro. Hawaye ya cika masa ido.

"Yana kuka!" in ji Hajiya. "Jama'a, yana kuka!"

"Dada, ba ni in ɗanɗana," Najat ta miƙo hannu. Tawfiq ma ya taho da gudu, bakinsa a buɗe, rigarsa ta daɗe da barin launin madara.

A nan ne Kassim ya yi abin da ba a koya masa ba. Ya dubi 'ya'yansa, ya dubi farantin, ya ɗaga shi sama inda hannunsu ba zai kai ba, ya shiga ci da sauri. Ya gama ya jawo tukunyar tsakanin ƙafafunsa. Muddin akwai saura a cikinta, wani zai ɗanɗana: ko yaro, ko baƙuwa, ko akuya. Ya ƙara ludayi biyu.

"Alhaji Kuku, a hankali!" Fataw ya ce daga katanga, yana riƙe ciki. "Ba wanda zai ƙwace, wallahi ba wanda zai ƙwace!"

"Ni fa?" in ji Hajiya tana dariya. "Daga Kano na zo, Malam."

Yayin da kyamara ke kan bakin Kassim, wani tsohon hannu mai ƙunshi ya fito ta gefen labule, riƙe da ƙullin ganye mai ɗumi daga cikin kula. Muniratu ta karɓa ba tare da ta waiga ba.

"Hajiya, ga naki. Mu nan baƙo a ganye muke ba shi."

Hajiya ta buɗe. Ja ne mai kyau, kowace ƙwaya a tsaye da ƙafarta, ga shito, ga ƙwai. Ta dube shi, ta dubi abin da ke farantin Kassim.

"Ya na ga launin ya bambanta?"

"Ganye ne," in ji Jamiu daga bayan kyamara, karo na farko da ya yi magana. "Ganye yana gyara abu."

Hajiya ta kai loma ɗaya, ta rufe ido. Ta kai ta biyu. Ta kai ta uku. Sannan ta ajiye ganyen, ta cire tabarau daga goshi, ta dubi Muniratu ido cikin ido.

"Muniratu, ni 'yar kasuwa ce, an sha yi mini wayo. Ga mutane suna kallo. Tsakaninki da Allah, wanda kika rubuta a kansa rannan, shi ya dafa wannan?"

Muniratu ta gyara mayafinta, ko da yake bai motsa ba. Ta dubi wajen labule, inda mijinta ke kankare gindin tukunya.

"Tsakanina da Allah, Hajiya," ta ce. "Shi ya dafa."

Tsakar gida gaba ɗaya ta amsa da "Gaskiya ne!" Ba a taɓa samun shaidu masu yawa haka a kan magana ɗaya a Maamobi ba.

Hajiya ta sa hannu a takardar yarjejeniya a nan take, a kan kujerar hoto. Ta ce duk Asabar, ƙarfe goma, mako mai zuwa kuma tuwon zafi da miyar ayoyo take so a yi. Ta rungumi Muniratu, ta yi wa Kassim addu'ar Allah ya yawaita irinsa, ta tsallake kwatocinta uku ta tafi.

Sai da ƙarar takalminta ta ɓace Mma ta yaye labule ta fito, idanunta jajur, ɗankwalinta na warin kananzir. Ta ɗauki kofin kanwa ta kife shi a tafin hannu. Ko ɗigo bai sauko ba. Ta leƙa tukunya, ta tarar da ita tas.

"Duka ka cinye?"

"Yara za su ci, Mma."

Ta daɗe tana kallonsa. "Wannan kofi na kwana uku ne, na tukunya babba." Ta ajiye shi. "Kada ka yi nisa da lungu yau. Gobe kuma kafin asuba ka same ni a murhu. Ni ba zan ƙara shan hayaƙi don mutanen Kano ba su jin Hausa ba."

Bayan la'asar Muniratu ta zauna a kusurwarta, Tawfiq na barci a cinyarta, ta zaɓi hoton da Kassim ya ɗaga faranti sama, hawaye a idonsa. Ta rubuta a ƙasa: "Yau ya dafa da hannunshi, ya cinye tas bai rage ba. Don yaranshi ya yi. Allah ya bar mana shi." Ta karanta da Hausar Zongo, ta sake karantawa da Hausar Kano. Ta kowace hanya babu ƙarya a ciki. Ta tura.

A ƙarshen lungu, Baba ya ɗago kai daga rediyonsa.

"Alhaji Kuku. Kai ne kuma? Na huɗu ke nan." Ya matsar da ƙafarsa daga hanya. "An ce duk Asabar za a riƙa yi?"

Kassim ya laluba aljihu. Ya ajiye sidinsa na kuɗin shiga a kan tebur, ya ɗauki buta, ya shiga.